ABUL ƘASIM AL-KASHANI: ƊAN MAGINA TANGARAN DA YA RUBUTA SANA'AR GIDANSU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam daga yumɓu, ya kuma hore masa ilmi da sana'a. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, filin wannan mako ya faɗa kan tarihin wani malami na ƙasar Farisa, watau Iran ta yau, wanda ya rayu shekara ɗari bakwai da suka wuce. Sunansa Jamaluddini Abul Ƙasim Abdullahi ɗan Ali ɗan Muhammadu ɗan Abu Ɗahir, an fi saninsa da Al-Kashani domin gidansu na birnin Kashan ne. Ya yi aikin magatakarda da lissafin dukiya a fadar sarakunan Mongol, ya kuma rubuta manyan littattafan tarihi waɗanda ya sa ran su za su ɗaukaka shi. Amma abin da ya fi tsare sunansa har yau, 'yan warƙoƙi ne da ya sa a ƙarshen wani littafi, inda ya bayyana yadda a ke ginin tangaran, watau sana'ar da ya baro a gidan ubansa.

BIRNIN KASHAN DA SANA'ARSA

Kashan birni ne a bakin babbar hamadar gishiri ta tsakiyar Iran, a kan hanyar da ta tashi daga Ƙum zuwa Isfahan. A ƙarni na bakwai na Hijira babu wani gari a ƙasashen Musulmi na gabas da ya kai shi suna wajen ginin kwanoni da tuluna masu ƙyalli, da kuma allunan tangaran da a ke manna wa bangon masallatai, irin abin da a yau a ke kira tayil. Sunan ya yi ƙarfi har Larabawa suka riƙa kiran irin waɗannan alluna ƙashani, ko a wane gari aka yi su. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ma da wannan kalma ya kira adon da ya gani a gine-ginen Iraƙi da Iran.

Wannan sana'a tana da tarihi mai tsawo kafin ta iso Kashan. Tun zamanin Halifofin Abbasiyawa 'yan kasuwa ke kawo farin tangaran daga ƙasar Sin ta jirgin ruwa zuwa Basra, mutane suna mamakin farinsa da ƙarfinsa. Magina tukwane na Iraƙi ba su san irin farin yumɓun da Sinawa ke aiki da shi ba, sai suka nemi dabara. Suka riƙa lulluɓe tukwanensu da wani irin ruwan gilashi wanda aka gauraya da kuza, in an toya sai ya fito fari fat. A ƙarni na uku na Hijira kuma suka ƙware wajen wata hikima da aka fara yi a kan gilashi, watau sa wa tangaran ƙyallin zinariya ba tare da an sa zinariya ba. Allunan da aka ƙawata mihirabin babban masallacin Ƙairawan da su a ƙasar Tunisiya, wajen shekara ta 862 Miladiyya, na wannan aiki ne, suna nan har yanzu. Da ya ke Shari'a ta hana ci da sha a cikin ƙoƙon zinariya ko azurfa, masana da yawa suna ganin wannan na cikin abin da ya sa irin wannan tangaran ya samu karɓuwa a gidajen masu hali.

Daga Iraƙi hikimar ta koma Masar a zamanin daular Faɗimiyawa. A can ne kuma aka ƙago wani sabon kwaɓi wanda galibinsa niƙaƙƙen dutse ne, yumɓu kaɗan ne a ciki. Sa'ad da daular Faɗimiyawa ta faɗi a shekara ta 1171, sai aka fara ganin irin wannan aiki yana bunƙasa a Sham da Iran. Akwai wata kwalbar tangaran ta Iran mai ƙyallin zinariya a gidan kayan tarihi na birnin Landan wadda ke ɗauke da shekara ta 575 Hijira, daidai da 1179.

GIDAN ABU ƊAHIR

A cikin gidajen da suka riƙe wannan sana'a a Kashan, gidan Abu Ɗahir shi ne kan gaba, kuma ana sane da aikinsu domin suna rubuta sunansu da shekara a jikin abin da suka gina. Kakan Abul Ƙasim, watau Muhammadu ɗan Abu Ɗahir, tare da wani gwani abokin aikinsa mai suna Abu Zaid, su suka yi allunan hubbaren Sayyida Faɗima 'yar Musa Al-Kazim a Ƙum a shekara ta 602 Hijira, da na hubbaren ɗan'uwanta Ali Ar-Rida a Mashhad a shekara ta 612. Ubansa Ali ya gaji aikin. Ya gina mihirabi a Mashhad a shekara ta 640, ya kuma gina wani a garin Waramin a shekara ta 663, daidai da 1265, wanda tsawonsa ya fi na mutum biyu, an haɗa shi da alluna masu yawa, ayoyin Alƙur'ani sun taso a jikinsa da shuɗin rubutu a kan ƙyallin zinariya.

Zamanin Ali kuwa zamanin tashin hankali ne. Rundunar Mongol ta shigo ƙasar Iran tun wajen shekara ta 1220, ta rushe manyan birane, a shekara ta 1258 kuma ta ci Bagadaza ta kashe Halifa. Aikin tangaran ya yi sanyi na shekaru masu yawa, amma bai mutu ba. Da sababbin sarakunan suka zauna, suka fara gina fadoji, sai suka nemi magina na Kashan, aiki ya sake tashi. A cikin wannan hali ne 'ya'yan Ali suka girma.

Uku daga cikinsu sun bar suna, kowa da hanyar da ya bi. Yusufu ya tsaya a bakin matoya ya gaji uba da kaka. Izzuddini Mahmudu ya shiga ɗariƙar Suhrawardiyya, ya zauna a garin Natanz, ya wallafa littafin sufanci mai suna Misbahul Hidaya. Abul Ƙasim kuwa ya ɗauki alƙalami ya nufi fada.

A FADAR TABRIZ

A shekara ta 694 Hijira, daidai da 1295, Sarkin Mongol na Iran, Gazan Khan, ya karɓi Musulunci, manyan mayaƙansa da yawa suka bi shi. Wannan ya sauya al'amura ƙwarai. Birnin Tabriz, inda fadarsa ta ke, ya cika da malamai da likitoci da masana taurari da marubuta, har da baƙi daga Sin da Hindu da ƙasashen Turai. Babban mai faɗa a ji a fadar shi ne Waziri Rashiduddini, likita ne masani wanda aka haifa a cikin addinin Yahudu, daga baya ya musulunta. Abul Ƙasim ya samu shiga cikin marubutan da ke aiki a ƙarƙashin wannan waziri.

A shekara ta 700 Hijira, daidai da 1301, ya kammala wani littafi da harshen Farisanci mai suna Ara'isul Jawahir wa Nafa'isul Aɗayib. Littafi ne kan duwatsu masu daraja da ƙarafa da turare, irin abin da sarakuna da ma'ajinsu ke bukatar sani, kuma ya ɗebo da yawa daga littattafan magabata. Sai a ƙarshe ya ƙara wani babi kan sana'ar gidansu. A ganinsa ginin tangaran wani reshe ne na alkimiya, tun da maginin yakan ɗauki dutse da toka ya mayar da su abin da ke ƙyalli kamar lu'ulu'u.

Mai karatu zai fi gane girman wannan babi in ya tuna da yadda sana'o'i su ke a wancan zamani. Sirrin aiki dukiyar gida ne, uba ke raɗa wa ɗa a bakin wuta, ba a faɗa wa baƙo. Masu sana'ar ba su cika rubutu a kanta ba, malamai masu rubutu kuwa ba su san ta ba. Abul Ƙasim ya haɗa abu biyu, ya fito daga gidan da a ke yin aikin, ga shi kuma malami ne mai alƙalami.

ABIN DA YA RUBUTA

Ya fara da lissafin kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, da inda a ke samo kowanne. Na farko shi ne farin dutsen ƙanƙara, wanda a ke farfasawa a niƙa har ya zama gari. Na biyu tokar wani tsiro ne mai suna ushnan da ke fitowa a ƙasa mai gishiri, ana ƙona shi har tokar ta dunƙule kamar kanwa. Sa'an nan ga dalma da kuza, ga farin yumɓu mai danƙo. Ya ambaci wani dutse da a ke haƙowa a ƙauyen Ƙamsar cikin duwatsun Kashan, wanda ke ba da shuɗi mai zurfi, ya ce mutanen wurin suna danganta gano shi ga Annabi Sulaimanu, shi ya sa su ke kiransa Sulaimani. Wannan shi ne ma'adinin da masana kimiyya ke kira kobal. Baƙin launi kuwa daga wani dutse na duwatsun Jajarm a Khurasan a ke samunsa. Jan ƙarfe da aka ƙona shi ke ba da kore da shuɗi mai haske.

Aikin farko shi ne dafa gilashi. Akan ɗauki awo 100 na tokar nan da awo 105 na dutsen ƙanƙara a zuba a tanderu, a yi ta juyawa da ludayin ƙarfe har su narke su zama abu ɗaya. Sa'an nan a riƙa kwasowa da ludayin ana zubawa cikin ramin ruwa da ke gaban tanderun. Abul Ƙasim ya kwatanta ƙarar da a ke ji a lokacin da tsawa, ya nuna cewa wanda bai taɓa gani ba yakan firgita har ya durƙusa. Amfanin ruwan shi ne gilashin ya farfashe ya yi sauƙin niƙa. Wannan garin gilashi shi ne uwar aiki duka. Da shi a ke yin ruwan da a ke lulluɓe kwano, in ana son fari mai duhu a ƙara masa dalma da kuza da aka ƙona tare, in ana son launi a ƙara masa ma'adinin da ya dace.

Kwaɓin da a ke gina jikin kwanon kuwa, awo goma ne na garin dutsen ƙanƙara wanda aka tankaɗe da ƙyallen alharini, da awo ɗaya na garin gilashi, da awo ɗaya na farin yumɓu da aka jiƙa. A kwaɓa su kamar ƙullu, a bar shi ya kwana, da safe a bubbuge shi da hannu kafin gwani ya ɗora shi bisa faifan juyi. Yumɓun nan kaɗan shi ke riƙe kwaɓin kafin a toya, garin gilashin kuwa shi ke narkewa a wuta ya ɗaure ƙwayoyin dutsen. Da haka a ke samun kwano fari, marar kauri, wanda ya kusanci na Sin.

Ya siffanta matoya da cewa kamar hasumiya ta ke, an jera turaku na yumɓu a jikin bangonta daga ciki, a kansu a ke ɗora kayan, kowane kwano mai daraja cikin kaskonsa mai murfi don kada hayaƙi ya taɓa shi. Akan hura wuta daidai wa daida har sa'a goma sha biyu, ba a buɗe matoyar sai bayan mako guda. Har itacen da a ke ƙonawa ya faɗa, ya ce a Bagadaza da Tabriz akan ɓare bawon itacen kafin a sa a wuta don gudun hayaƙi.

Sai kuma babban sirrin, watau ƙyallin zinariya. Wannan aiki tuya biyu gare shi. Bayan kwano ya fito fari daga tuyar farko, sai a haɗa wani magani da ƙonannen jan ƙarfe, da azurfa tsantsa da aka ƙona da farar wuta, da waɗansu ma'adinai ja da rawaya, a yi ta niƙa shi a dutse dare da rana har ya yi laushi ƙwarai. A dama shi da ruwan inabi ko ruwan tsami, a zana abin da a ke so a jikin kwanon. Sa'an nan a sa a wata matoya ta dabam wadda aka gina don wannan aiki, a ba ta hayaƙi mai sauƙi har sa'a saba'in da biyu. In kayan sun huce, sukan fito baƙi ƙirin kamar an yi hasara. Sai an goge su da danyar ƙasa zanen zai bayyana yana walƙiya kamar jan zinariya.

Masana kimiyya na wannan zamani sun duba irin waɗannan kwanoni da na'urori masu ƙarfi, sun gano dalilin abin. Hayaƙin yana rage iskar da ke cikin matoya, a zafin da bai wuce digiri 600 ko kusa da haka ba, sai ƙwayoyin azurfa da jan ƙarfe, waɗanda ido ba ya iya gani, su zauna a cikin fatar gilashin. Su ne ke mayar da haske ya zama ƙyalli. In zafi ya yi yawa ko hayaƙi ya gaza, aikin wata guda ya lalace, shi ya sa gidaje kaɗan ne suka iya shi.

Ya kuma bayyana yadda a ke sa zinariya ta gaske, watau a buge miskali ɗaya har ya zama warƙa ashirin da huɗu, a yanka da almakashi, a manna a kan shuɗin kwano, a sake toyawa. A nan ne ya ambaci wani aiki mai launi bakwai da magabata ke yi, ya nuna cewa a zamaninsa an riga an bar shi. Watau da idonsa ya ga yadda hikima kan ɓace a gari guda cikin shekaru kaɗan.

RIKICINSA DA WAZIRI

Gazan Khan ya rasu a shekara ta 1304, ƙanensa Uljaitu, wanda a ke kira Muhammadu Khudabanda, ya gaje shi. Tun zamanin Gazan aka ɗora wa Waziri Rashiduddini rubuta tarihin Mongol, Uljaitu kuma ya ce a faɗaɗa shi ya game al'ummomin duniya. Littafin da ya fito, Jami'ut Tawarikh, yana cikin manyan littattafan tarihi da aka rubuta a ƙasashen Musulmi, domin ya ƙunshi labarin Annabawa da Halifofi, da na Sinawa da Indiyawa da Yahudawa da Turawa. Sa'ad da aka miƙa shi ga Sarki, wajen shekara ta 706 Hijira, Waziri ya samu kyauta mai yawa.

Abul Ƙasim yana da nasa littafin tarihin duniya mai suna Zubdatut Tawarikh. Ya kuma rubuta tarihin sarautar Uljaitu shekara bi shekara, wanda har yau masu bincike ke dogara da shi kan yaƙin Gilan, da ginin sabon birnin Sulɗaniyya, da muhawarar malaman mazhabobi a gaban Sarki. A cikin wannan littafi na biyu ne ya kai ƙararsa ga masu zuwa baya. Ya yi da'awar cewa shi ya wallafa aikin da Waziri ya miƙa da sunansa, an kuma yi masa alkawarin rabon kyautar, amma ko dirhami ɗaya bai gani ba. Ɓacin ransa ya kai shi har ga yi wa Waziri gori da asalinsa na Yahudu, abin da bai dace da malami ba, tun da Musulunci ya hana a goranta wa wanda ya shigo shi.

An daɗe masana suna ɗaukar wannan ƙara a kan hassada ce kawai. Daga baya da aka gwada littattafan biyu gefe da gefe, sai aka tarar sassa masu tsawo na tarihin al'ummomi a littafin Waziri sun yi daidai da na Zubda, kusan kalma da kalma. Waɗansu na ganin Abul Ƙasim ɗaya ne daga cikin mataimaka da yawa da suka yi aiki bisa tsarin da Waziri ya shata, waɗansu kuwa na ganin littafinsa ne aka ɗebo. Ko wanne ne, an yarda yanzu cewa guminsa na cikin aikin, sunansa kuwa ba ya ciki. Shi ma Wazirin bai ƙare lafiya ba. Bayan rasuwar Uljaitu a shekara ta 1316, abokan gabansa suka zarge shi da sa wa Sarki guba, aka kashe shi tare da ɗansa Ibrahim a shekara ta 1318, aka wawashe unguwar ilmin da ya gina a Tabriz.

ƘARSHENSA DA ABIN DA YA BARI

Shekarun ƙarshe na gidan Abu Ɗahir sun zo kusa da juna. A shekara ta 734 Hijira Yusufu ya gina babban mihirabi a Ƙum, wanda yanzu ya ke gidan kayan tarihi na Tehran. Izzuddini Mahmudu ya rasu a shekara ta 735. Sarki Abu Sa'idu ɗan Uljaitu ya rasu a shekara ta 1335 Miladiyya bai bar magaji ba, daular ta tarwatse. Abul Ƙasim ya rasu wajen shekara ta 738 Hijira, daidai da 1337. Bayan shekara ta 1340 kuwa, manyan ayyukan ƙyallin zinariya suka ɗauke a Kashan, domin babu sauran sarakunan da za su biya kuɗinsu.

Sana'ar ta ci gaba a waɗansu wurare. Magina na garin Iznik a daular Usmaniyya sun yi aiki da irin kwaɓin dutsen nan, da allunansu aka ƙawata manyan masallatan Istambul. Sinawa ma, waɗanda aka fara kwaikwayon farin tangaransu, sun rungumi zanen shuɗi a kan fari, har a zamanin daular Ming suna kiran wani launin da su ke sayowa daga waje shuɗin Musulmi. Ayyukan gidan Abu Ɗahir kuwa sun watsu a duniya. Mihirabin Waramin da Ali ya gina an ciro shi daga bangonsa, ya bi hannun 'yan kasuwa, yanzu yana wani gidan kayan tarihi a Honolulu ta ƙasar Amurka.

Littafin Ara'isul Jawahir ya kwanta shekaru ɗaruruwa a taskar littattafai ta Aya Sofiya a Istambul. A shekara ta 1935 waɗansu masana Jamusawa suka buga babin tangaran tare da fassara, a shekara ta 1966 malamin nan na Iran, Iraj Afshar, ya buga littafin duka a Tehran, a 1973 kuma aka fassara babin zuwa Turanci. Da aka auna gutsattsarin kwanonin Kashan a ɗakunan bincike, sai aka ga abin da ke cikinsu ya yi kusa ƙwarai da awon da ya faɗa. Babu wani rubutu na wancan zamani da ya kai wannan cika wajen bayanin aikin tangaran tun daga niƙan dutse har zuwa buɗe matoya, kuma magina na yau masu son farfaɗo da ƙyallin zinariya gare shi su ke komawa.

Akwai abin lura a nan ga masu ilmi da masu sana'a. Gidaje da yawa a Kashan sun san abin da gidan Abu Ɗahir ya sani, amma da suka shuɗe, sirrinsu ya bi su kushewa, wanda aka rubuta shi kaɗai ya iso ga mutanen yau. Haka kuma wanda aka ba shugabancin aiki, wajibi ne ya ba kowane ma'aikaci haƙƙinsa na lada da na suna, domin ƙarar da Abul Ƙasim ya rubuta ta rayu shekara ɗari bakwai ana sauraronta.

Allah ya jiƙan Abul Ƙasim Al-Kashani da iyayensa da 'yan'uwansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa ilmin da ya bari ya zama sadaka mai gudana gare shi, amin.